Kafin Ka Ɗaga Salula a Kwatar Masunta

 

Yau zancen hoto za mu yi. Na san wani dattijo zai ce yaron nan ya rasa abin faɗi, ga tsadar dusa, ga wahalar hanya, shi kuma hoto ne ya dame shi. A yi mini haƙuri, Baba, a saurara tukuna. Duk mai bin motar albasa daga Galmi zuwa Gana, ko mai raka shanu kasuwar Tulaku ta Ashaiman, ya san in an sauke kaya akwai kwana biyu ko uku na zaman jiran kuɗi. A cikin kwanakin nan ne wani ke cewa, ku tashi mu je mu ga teku. Ana isa, kowa ya zaro salula. Hotunan suna iso mana nan tasha, kuma kusan dukkansu uwa ɗaya uba ɗaya: mutum a tsaye ya ba ruwa baya, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin don rana na bayansa, tekun kuma ya karkace kamar zai zube ta gefe guda. An yi tafiyar da ta fi kilomita 1,000, an koma gida da hoton da ko a bakin tafkin ƙauye ana iya ɗaukarsa. Wannan ma da sauƙi. Hoto kan jawo wa baƙo zagi, yakan sa a karɓe masa waya, igiyar ruwa kuma takan ɗauke mai ja da baya don ya fito da kyau.

Bari in ɗauki gari guda mu yi misali da shi, don kada maganar ta tsaya a iska. A rubuce sunansa Dixcove, a baki kuwa in ka ce Dikiskof direba zai gane. Yana yamma da Takoradi da kamar kilomita 35. Daga Takoradi ka shiga motar Agona Nkwanta, a can ka sauya wadda za ta gangara da kai bakin ruwa. Garin mutanen Ahanta ne, amma Fantanci ma yana ci. Teku ne ya shigo cikin ƙasa ya yi ɗan lungu, duwatsu suka tare masa baki, shi ya sa ruwan ciki ke kwance, kwalekwale ke iya kwana a kai ba tare da igiya ta farfasa shi ba. A kan tudu ga wani farin ginin Turawa na da, a ƙasa ga gidaje masu rufin kwano duk tsatsa ta ci, ga hayaƙin banda yana tashi ta ko'ina. Irin wannan wuri shi mutanen Gaya da Yawuri ke kira kwata. Ku masu shanu in kun ji kwata, wuƙa da jini ke faɗo muku a rai. To, a bakin ruwa kwata ita ce inda jirage ke tsayawa a sauke kaya.

Yanzu Ardo, ina da tambaya, ranka ya daɗe. Baƙo ya sauko daga mota, bai yi sallama ba, ya nufi garkenka kai tsaye, ya ɗaga waya yana bin shanu ɗaya bayan ɗaya. Me za ka ɗauke shi? Ko ɗan leƙen asirin ɓarayi, ko mai karɓar jangali, ko mai kambun baka. Ba za ka taɓa cewa sha'awa ce ta kawo shi ba. To kwalekwale shi ne garken masunci. Duk abin da zan faɗa a yau daga nan ya taso.

Ka dube shi da kyau in ka je. Gindinsa itace ɗaya ne tak, wata ƙatuwar bishiya da suke kira wawa, a can cikin kurmi ake sare ta a fafe ta, a ɗoro ta a mota zuwa gaɓa, sannan kafintoci su ƙara mata katako ta yi zurfi. A ɗaura inji mai ƙarfin doki 40, yawanci Yamaha. A sayi taru, wanda wani lokaci kuɗinsa kan kai na jirgin ko ya fi. Wani kwalekwalen mutum goma ke shigarsa, wani fiye da ashirin, kowannensu kuma da bakunan da yake ciyarwa a gida. Sau da yawa kuɗin mai da na abincin tafiya ba na mai jirgin ba ne, wata mata ce mai banda ta ba da bashi, da sharaɗin in an dawo ita za a fara sayar wa. Fentin da kake gani a jikinsa, da tutocin ƙasashe, da alamar ƙungiyar ƙwallo, da ayar Baibul ko karin magana, duk shaida ce, kamar yadda kowane gida ke da irin tsagar da yake yi wa kunnen saniyarsa. Kai launi ka gani ya burge ka. Shi kuwa dukiyarsa ce da bashinsa da sunan gidansu ka nufa da waya.

Akwai kuma abin da ya ƙara musu tsoron kyamara a shekarun nan. Kifi ya ja baya ƙwarai a tekun Gana, musamman ƙananan nan da ake kira amane, waɗanda ake bandarwa a loda a kwanduna su bi ta Kumasi da Techiman da Tamale da Bolga har su tsallaka iyaka. Manyan jiragen kamfanoni masu jan raga a ƙasan teku sun yi musu ɓarna, har da wata haramtacciyar sana'a da ake kira saiko, inda babban jirgi ke kwashe ƙananan kifi ya daskarar, ya sayar a tsakiyar ruwa. Da abin ya yi tsanani, wasu masuntan su ma suka shiga abin da doka ta hana: kunna fitila da janareta cikin dare don tara kifi, jefa nakiya, zuba guba, ko amfani da raga mai ƙananan idanu. Kowane kwalekwale kuma yana da lambar rajista a jikinsa. Ka ga ke nan hoton da ya haɗa lambar jirgi da janareta da ƙwayayen fitila ya tashi daga hoton yawon buɗe ido, ya zama shaida a gaban hukuma. A Dixcove ɗin ma akwai ƙari. Su masu dogon taru ne da ake bari yana yawo a ruwa don manyan kifaye irin su tuna da shak, wani lokaci kuma tarun kan kamo dolfin ko kunkurun teku, waɗanda doka ta kare. Ga kuma yara ƙanana da ke aiki a bakin kwata, abin da ƙungiyoyi ke yawan magana a kai. Saboda haka in wani ya daka maka tsawa da ka ɗaga waya, ba ƙin baƙo ba ne. Bai san ko kai wane ne ba, bai kuma san inda hoton zai kwana ba. Ni dai a ganina, bin diddigin masu laifi aikin hukuma ne da 'yan jarida masu takardar aiki. Kai da ka zo sayar da albasa, ba ka da dangi a garin, kada ka ɗora wa kanka wannan kaya.

To yaya za a yi? Yadda kuke yi a kowace kasuwar da ba taku ba. Da ɗan gari akan ci gari. Ka ce wa maigidanka na zangon Takoradi ko Sekondi ya haɗa ka da yaro mai jin yaren. In kun isa, kwata tana da shugabanni kamar yadda kasuwar dabbobi ke da sarkinta. Akwai sarkin masunta, da Fantanci apofohene, shi ke raba rigima, shi ke tsare dokokin ruwa. Akwai kuma shugabar mata masu sayen kifi, konkohemaa, wadda da bakinta ake yanke farashin ranar. Ba lallai ka ga sarki da kansa ba, amma za ka tarar da dattawa a ƙarƙashin rumfa suna ɗinkin taru. Nan za ka fara. Da safe ka ce maace, in za ka roƙi abu ka ce mepaaco, in an yi maka ka ce medaase. In suna zaune a jere, daga na hannun damarka za ka fara miƙa hannu ka bi zuwa hagu, haka al'adarsu take. Hannun hagu kuwa, yadda yake abin kunya a wurinmu haka yake a wurinsu, kada ka nuna mutum ko jirgi da shi.

Sannan ka zauna. Wannan shi ne abin da ya fi yi wa matasa 'yan uwana wuya. Ka bar wayar a aljihu kamar rabin awa. Ka sayi soyayyen kifi da dokunu ka ci a wurin, ka bari a tambaye ka daga ina. In ka ce daga Nijar ko Najeriya, shanu ko albasa ka kawo, hira ta buɗe, don su ma mutanen tafiya ne, masuntan Gana sun bazu tun daga Senegal har gaɓar Kamaru da gaba. Daga nan sai ka ce kana so ka nuna wa mutanen gida yadda ake aikin teku, don yawancinsu ba su taɓa ganinsa ba. Wanda ya yarda ka ɗauka, ka juya wayar ka nuna masa. Wanda ya ƙi, ka ce medaase ka wuce, kada ka saci hotonsa ta gefe, ana ganinka. In an nemi ɗan abin goro, ku daidaita tun kafin ka ɗauka, 'yan sidi kaɗan ne. Matan da ke banda su aka fi damu da hoto ba izini, kuma su suka fi iya faɗa, in ɗaya ta ɗaga murya kwata duka za ta juyo kanka. Wanda ke wanka, ko ya kewaya bayan dutse, ko wurin da ka ga an ɗaura farin ƙyalle a bishiya ko dutse don ibadarsu ta gargajiya, ka kau da waya gaba ɗaya.

In an ba ka izini, saura lokaci. Ka tuna agogon Gana yana bayan namu da awa guda. Can kusa da tsakiyar duniya ne, rana na fitowa wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen ƙarfe 6, rani da damina bambancin kaɗan ne. Gaɓar Gana kudu take kallo, wato in ka fuskanci teku gabas na hagunka, yamma na damarka. Daga fitowar rana zuwa ƙarfe 8, da kuma daga la'asar zuwa faɗuwarta, su ne lokutan hoto. Hasken yana zuwa a kwance, fentin jirage ya fito, fuskar baƙin mutum ta fito da kyanta. Da tsakar rana kuwa ruwa na walƙiya kamar kwano, inuwar hula ta rufe ido, komai ya yi fari fat ko baƙi ƙirin. Kuma magariba a can ba ta jira, rana na nutsewa duhu ya rufo.

Ka tambayi ranar hutunsu. A yawancin garuruwan gaɓar Gana ba a shiga teku ranar Talata, wasu garuruwan yamma kuma suna da tasu ranar. Ranar hutu jirage duk suna gida, an baza taru ana ɗinki, mutane na da sararin hira, ita ce ranar ɗaukar kwata cike da kwalekwale. Amma in saukar kifi kake so, da mata suna shiga ruwa har gwiwa da manyan kwanoni a ka, sai ranar aiki, kuma su za su gaya maka lokacin da jirage ke dawowa. Daga 2021 zuwa 2024 gwamnati ta riƙa rufe teku ga masu kwalekwale a watan Yuli don kifi ya hayayyafa, saboda haka kafin ka kashe kuɗin mota a wannan wata ka tambaya ko an rufe a bana. Agusta da Satumba su ne kakar kifi, gari ya yi sanyi, sama ta yi toka-toka. Kada wannan ya sa ka mayar da waya aljihu, irin wannan haske mai laushi shi ya fi dacewa da fuska. Mayu da Yuni ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya. A Disamba da Janairu kuma hazon da ya baro mu yakan kai har can.

Wani abu da mu mutanen tudu ba mu saba da shi ba: teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a kwana guda, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. Wata ne ke jansa. Ku da kuke lissafi da wata kun fi kowa sauƙin gane wannan: a tsayuwar wata da daren sha huɗu cikowar ta fi ƙarfi, janyewar ma ta fi nisa. Dutsen da ka tsaya a kai a bushe da hantsi, kafin azahar yana iya kasancewa a ƙarƙashin ruwa.

Ɗaukar kanta ba ta da wuya. Kafin komai ka goge idon kyamara da gefen rawani ko riga mai laushi, don iskar teku na ɗauke da gishiri, shi ke sa hoto ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa man shanu. Layin da sama ta haɗu da ruwa ka daidaita shi ya kwanta sosai, a cikin saitin kyamara akwai wasu layuka da ake kunnawa su taimake ka. Kada ka sa layin nan a tsakiyar hoto, ka ɗaga shi sama in jirage kake so, ka sauke shi ƙasa in gajimare ya yi kyau. Rana ta kasance a bayan kafaɗarka ko a gefenka. In mutum kake ɗauka, ka taɓa fuskarsa a kan gilashin wayar, ita za ta gyara hasken da kanta. Jawo hoto da yatsu biyu kuwa ɓata shi yake yi, in abu ya yi nisa ka taka ka matsa.

Kada ka ce sai ka cusa kwata duka a hoto ɗaya. Mai son ya nuna garke ba ya tsayawa nesa ya ɗauki ƙura, bijimi guda yake zaɓa ya sa a gaba, sauran su biyo baya. Haka za ka yi. Ka zaɓi goshin kwalekwale ɗaya mai kyan fenti, ka durƙusa har wayar ta kusa taɓa yashi, sai ya tashi a hoton kamar gini, sauran jiragen da farin ginin tudu su fito a bayansa. Ka sa mutum a ciki don a gane girman abin, in ba haka ba tsohuwa a gida za ta ɗauka irin jirgin fiton da ta sani ne a gulbi. Ka ɗauki hannun dattijo da allurar ɗinkin taru. Ka ɗauki murhun banda, wanda suke kira Chorkor da sunan wata unguwar masunta a Akara inda aka fara shi, da tirensa na katako da waya an jera su hawa-hawa, hayaƙi na fita ta tsakaninsu, in hasken safe ya ratsa hayaƙin nan ba ka buƙatar wani gwaninta. In ana jan jirgi zuwa tudu, maza sun jeru a igiya suna waƙa, ka tsaya a gefe ka jira lokacin da duk suka kwanta baya tare. Amma kada ka tsallake igiyar, kada kuma ka tsaya a tsakaninta da ruwa, in ta tsinke ko ta zabura tana karya ƙafa.

Maganar hoton ɗauki-kanka a kan duwatsu, don Allah yayyena a bar shi. Dutsen da ya yi kore santsi gare shi kamar kuɓewa. Igiyar ruwa ba daidai take zuwa ba, ƙanana za su yi ta zuwa har ka saki jiki, sai babba ta biyo. Kuma ruwan gaɓar nan yana da ja ta ƙasa, yana janye mutum zuwa ciki. Iyon da ka koya a gulbi ko tafki ba ya aiki a nan, ga babbar riga in ta jiƙe ta zama dutse. In kana son hotonka, ka miƙa wa yaron da ya rako ka wayar, ka tsaya a kan yashi busasshe kusa da jirgi, fuskarka na kallon haske. Wayar ma ka riƙa mayar da ita cikin leda, ruwan gishiri in ya shiga ramin caji ya gama da ita.

Farin ginin kan tudu sunansa Fort Metal Cross. Ingilishi ne suka gina shi a ƙarshen shekarun 1600, ya koma hannun mutanen Holan a 1868, su suka sa masa sunan da ya zama wannan, sannan ya dawo hannun Ingila a 1872. Tun 1979 yana cikin wuraren tarihi na duniya da UNESCO ta lissafa tare da sauran irinsa na gaɓar Gana. Abin dariya ga 'yan kasuwa, a wancan zamani garin ya yi suna a wurin Turawa da zinariya mai gauraye, ashe algus ba yau aka fara ba. Abin da ba na dariya ba, an tsare bayi a irin waɗannan gine-gine kafin a loda su a jirgi. Daga tudun ne ake ganin kwata gaba ɗaya, nan ne wurin babban hotonka. Ka nemi mai kula da wurin ka tambaya kafin ka shiga ko ka ɗauka, in kuma ka shiga ɗakunan ƙasa ka rage wasa da dariya.

Ku fatake masu tunanin juyo da kifi maimakon mota ta dawo wayam, hotonku daban ne, na ciniki ne. Kada ka ɗauki saman kwando kawai, kowa ya san mai kyau ake jerawa a sama. Ka roƙi mai kayan ta buɗe tsakiya. Ka ajiye kwalin ashana kusa da kifin don wanda ka aika wa ya gane girmansa. Ka ɗauka a inuwa mai haske, ba da fitilar kyamara ba, don ita tana sa ɗanyen banda ya yi ƙyalli kamar ya bushe. In ka sayi ɗaya ka karya shi a gaban kyamara a ɗan gajeren bidiyo, ƙarar karyewar kaɗai ta isa ta gaya wa abokin cinikinka ko zai kai Bolga bai yi fumfuna ba.

Duk wannan a ƙaramar kwatar masunta ne. Babbar tashar jiragen ruwa ta Takoradi, wadda aka buɗe tun 1928, inda wasunku ke ɗaukar kayan Nijar da Burkina, da sansanin sojan ruwa na Sekondi, waɗannan ba wuraren hoto ba ne ko kaɗan. Haka gada, haka shingen duwan, haka bariki. Kun fi ni sanin yadda ake binciken waya a hanyar dawowa a shekarun nan, kuma jami'in da ya ga hoton tasha ko na soja a wayarka ba zai tsaya jin cewa sha'awa ce ba. Kafin mota ta tashi ka zauna ka bi hotunanka ɗaya bayan ɗaya, duk wanda kaki ko shinge ya faɗo a ciki ko da bisa kuskure, ka goge.

Wanda ka ɗauka kuma ya ba ka lambarsa, ka cika alkawari ka tura masa nasa. In za ku aiko mana nan tasha, ku tura ta WhatsApp a matsayin fayil, don in an tura shi a matsayin hoto yana matse shi ya rage masa kyau, ba ya bugawa a takarda. Ku rubuta sunan garin da watan da aka ɗauka, ku kuma gaya mana ko mutanen da ke ciki sun yarda a buga. Wanda ba a yarda ba, za mu kalla a nan ɗakin shiri mu ajiye.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Na kan hanya, Allah ya sauke ku lafiya.